Jan Fenti a Gindin Langa

Ni na shafa wa langar nan jan fenti, da hannuna, da burushin da nake gyara allon ajina da shi. Na fara da faɗin haka ne domin daga baya mutanen unguwa sun raba laifin tsakanin asibiti da ƙaddara, ni kuwa aka tsame ni. Malamin makaranta ne ni, kuma a layinmu malami ba ya kuskure, sai dai a ce bayani bai iso masa da wuri ba.

Gidanmu yana unguwar Shamaki, a Gombe. Tun rasuwar mahaifinmu ni da yayana muke zaune a cikinsa, shi a sashen gabas da matarsa, wadda duk gidan muke kira Adda, ni a sashen yamma da iyalina. A ƙofar gida akwai dakali, a gabansa ake shimfiɗa tabarma bayan sallar magariba. Magidanta bakwai ko takwas na layin, kowa a fito masa da abin da aka dafa a gidansa, a jera kwanuka a tsakiya a ci tare. Ciyayyarmu ke nan, kuma ta girme ni a zaman wurin. Yaya ne mai buɗe kwanuka. Shi yake ɗaga murfi, ya shaƙi tururi, ya yanke hukunci: wannan miyar cikin fushi aka kaɗa ta, wancan tuwon mai gidansa ya yi laifi bai ba da haƙuri ba. Ya fi shekara talatin yana wannan alƙalanci, ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Sana'arsa ta asali kafintan silin ne, na asbesto, farin fallen nan da aka yi yayinsa a gidajen gwamnati da makarantu da gidan duk wanda ya fara jin ƙamshin arziki. Yana da yadda yake aikinsa, kuma yana alfahari da shi. Zai ja layi da fensir a kan fallen, ya kafa zarto. Ja biyu ko uku, farin gari ya rufe layin. Sai ya sunkuya, ya kai bakinsa dab da yankan, ya busa, ya ja numfashi, ya ci gaba. Masu share garin da hannu yana musu kallon 'yan koyo, don a cewarsa suna goge fensirin. Masu yayyafa wa fallen ruwa kafin su yanka kuwa ya ce ragwaye ne, ruwa yana bar wa silin tabo, yana kuma riƙe zarto. Shi busawa yake yi, yankansa ya fita tsaf kamar an aske.

Idan ya tashi aiki, gemu da gira fari fat, ba ya wucewa gida sai ya tsaya wurin masu nono ya sha kindirmo ƙwarya guda. Ya ce yana wanke ƙirji. Duk kafintocin silin da na sani haka suke yi. Ni kuwa kowace shekara sai na zana wa ɗalibai a allo cewa hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban, har in ba da maki biyar a kanta a jarrabawa. Ban taɓa ɗauko wannan zanen na kawo shi gida ba.

Ya bar aikin da daɗewa, kusan shekara goma sha biyar kafin abin da zan faɗa. Silin roba ya shigo, gwiwa kuma ta fara ƙara, sai ya kama shago a unguwar Jekadafari yana sayar da ƙusoshi da makullai. Duk wanda ya san shi a shekarun nan mai shago ya sani.

Tsakanin ƙofarmu da masallaci falwaya huɗu ce. Da falwayun nan na fara ganewa. Yaya, wanda a da yake riga ladan isa, sai ya fara tsayawa a ta uku, ya ciro waya ya dube ta kamar an kira shi. Bayan 'yan watanni ya koma tsayawa a ta biyu, ya dafa ta, ya gai da duk wanda ya wuce gaisuwa mai tsawo, har da yaran da bai san iyayensu ba. Idan muka tsaya a sahu ina jin hakinsa a kafaɗata har liman ya gama Fatiha. Sannan ga tari, busasshe, gajere, ba kaki ba komai, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki. Wandonsa ya fara yi masa yawa.

"Yaya, me kake ji?" na tambaye shi wata rana a zaure.

"Ba na jin komai. Ƙirjin ne kamar an ɗaure shi da igiyar guga. In na ja iska sai ta tsaya a rabi."

"Tun yaushe?"

"Malam, jarrabawa za ka yi min?"

Malam yake kirana tun ranar da na fara koyarwa, kuma a bakinsa kalmar tana da ɗan gishiri.

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin da nake koyar da kiwon lafiya da shi. Tari mai daɗewa, rama, rashin ƙarfi. Na sami amsa a shafi guda, kuma mutumin da ya sami amsa a shafi guda ba ya juya na gaba. Tarin fuka.

Na kai shi wani ƙaramin asibiti. Suka ba shi 'yar kwalba ya kawo kaki. Ya yi hantsi guda yana kakari a bayan gini, da ƙyar ya tara abin da za a iya kira kaki don kunya. Gwaji bai nuna komai ba. Hoton ƙirji kuwa ya nuna fari-fari a ƙasan huhu, kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Ma'aikacin da ya duba mu, layi har waje a bayanmu, ya ce wani lokaci cutar tana ɓuya, gara a fara magani na wata shida. Ban ga laifinsa sosai ba. Na shiga wurinsa da amsata a baki, na kuma faɗe ta da Turanci.

A maraicen ranar na yi wa ciyayya darasi. Na tashi tsaye, abin da ba a yi a wurin. Na ce cutar tana yaɗuwa, na ce ba ƙyama ba ce, kariya ce, na ce a ware masa kwano da kofi da cokali, kada wanda ya sa hannu inda ya sa. Zamanin korona ya riga ya koya wa mutane matsawa, don haka ban sha wuya ba. Mutum ɗaya ne ya tanka, wani dattijo mutumin Borno da muke kira Baba, mai wankin hula, wanda rikici ya koro shi Gombe shekarun baya. Lokacin da ya sauka a layinmu ba shi da ko tukunya, Yaya ne ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a tabarmar.

"Malam," in ji Baba, "mutumin nan in ka cire shi daga nan, me ya rage masa?"

"Lafiyarsa, Baba. Wata shida ne kawai."

"To. Kai ka yi karatu."

Na zaɓi langa mai murfi daga kayan Adda, na kifa ta, na zagaye gindinta da jan fenti don kada ta ɓace cikin wanke-wanke. Na yi wa kofi haka. Da fentin ya bushe na kai wa Yaya. Ya juya langar, ya duba zagayen, ya bi shi da yatsa.

"Hannunka bai karkace ba," ya ce. "Da ka biyo ni aiki da ka yi suna."

Daga ranar ya koma cin abinci a cikin zaure, shi kaɗai, bango ɗaya tsakaninsa da mu. Makonnin farko bai saki alƙalancinsa ba. Da hanci yake yi. Muna buɗe kwano sai mu ji murya ta bango: "Daddawar nan ta yi yawa! Na gidan wa?" A yi dariya, a ba shi amsa. Sai muryar ta fara dishewa. Yana fara magana tari ya katse ta, mu yi shiru muna jiran ya gama, hannuwanmu a tsaye a kan tuwo. Wata rana muka ci muka tashi ba mu ji hukunci ba. Washegari ma haka. Babu wanda ya ce komai, ni ma da nake da bayani a kan kowane abu.

Maganin yana sha, ni nake ba shi kowace safiya, ina sa alama a kalanda kamar mai kiran suna a aji. Wata uku, wata huɗu. Littafi ya ce ya kamata a ga sauƙi. Yaya ya daina zuwa shago. Falwaya ta biyu ta koma ta farko, ta farko ta koma dakali.

A wata na biyar Adda ta tare ni a tsakar gida da rana tsaka, langar a hannunta. Ta buɗe min. Tuwon yana nan yadda aka zuba shi, sai gurbin yatsu a gefe ɗaya.

"Malam, dubi nan. Haka take dawowa kullum."

"Maganin ne, Adda. Yana kashe sha'awar abinci."

"Maganin ne ya hana shi cin abinci, ko bangon? Ka taɓa ganin yayanka ya ci shi kaɗai tun da aka haife ka?"

Na fara yi mata bayani. Ta bar ni na kai ƙarshe, don tana da ladabi, sannan ta ce, "Ni nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Abin da ya rage a langar nan kuma, tun watan farko, ni nake cinyewa, don ban iya zubar da abinci ba. Ka ji na yi tari?"

Na ce ta sa kanta a haɗari, ta sa 'ya'yana, ta sa gidan duka. Na ɗaga murya a kan matar da ta yi min wanki ina sakandare.

"Na ji," ta ce. "In ka gama, je ka dubi yatsunsa. Littafinka ya yi maganar yatsu?"

Na je na duba. Yana zaune a zaure da carbi. Kawunan yatsunsa sun yi ɓul-ɓul, sun fi tsakiyarsu kauri, farcen ya lanƙwasa ya rufe su kamar bayan cokali. Ƙwayar carbi tana kufce masa. Ya ga ina kallo, ya tura hannun cikin riga.

Na koma na juya shafukan da ban juya ba. Na ga yatsun a wurare da yawa, a ƙarƙashin cututtuka da yawa, har da wadda na zaɓa masa. Na riƙe wannan, na rufe littafin. Saura wata guda, na ce wa kaina. Malami ba ya tashin aji kafin ƙararrawa.

Wata shida ya cika, muka ƙara da makonni. Wata safiyar Talata ya tsuguna alwala, ya wanke fuska, ya sunkuya zai wanke ƙafa, sai ya kasa ɗagowa. Adda ce ta ƙwala min kira. Na same shi dafe da bango, baki buɗe, leɓɓansa sun yi duhu, yana jan iska guntu-guntu, hannu ɗaya a haƙarƙarinsa na dama. Na tari keke mai ƙafa uku muka nufi babban asibiti. A hanya kowane rami sai ya damƙe cinyata.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, sa'ar ɗaliban da na yaye. Na miƙa mata katin magani da tsohon hoton, na fara jawabi. Ta ce, "Baba, bari in duba shi tukuna." Ta sa masa iskar oksijin. Ta ɗauki hannunsa ta daɗe tana kallon yatsun. Ta ɗora abin sauraro a bayansa, can ƙasa, ta ce ya ja numfashi, ta saurara, ta koma ɗaya gefen, ta ƙwanƙwasa haƙarƙarin da yatsa. Dama da hagu ba su yi ƙara iri ɗaya ba, ni ma na ji.

"Wace sana'a yake yi?"

"Ɗan kasuwa ne," na ce. "Yana da shago."

"Kafin shagon fa?"

"Ai wannan ya daɗe."

"Shi nake tambaya, wanda ya daɗen."

Yaya ya janye abin iskar daga bakinsa. "Silin," ya ce. "Asbesto."

"Shekara nawa, Baba?"

Ya buɗe yatsunsa goma sau biyu, ya ƙara biyar.

"Kuna rufe hanci in kuna yankawa?"

Bai amsa da baki ba. Ya shimfiɗa tafin hannunsa kamar falle, ya ja layi a kai da yatsa, ya sunkuya, ya busa. Iskar da ta fito ba za ta kashe ashana ba. Amma ya yi shi da kyau, har da ɗan karkata kai irin na gwani, kuma na ga yana jiran a yaba.

Likitar ta ajiye bironta.

Kwana tara muka yi a can. A ranar farko suka soka allura a gefensa suka zuƙe ruwa mai launin fitsari, har na daina kallon robar. Numfashinsa ya ɗan sauka. Aka sake gwajin tarin fuka, babu. Aka yi wani hoton a cikin na'ura mai kama da rami. A rana ta bakwai likitar ta zaunar da mu, ni da shi da Adda. Ta ce garin nan da yake busawa yana da wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani. In sun shiga huhu ba sa fita, ba sa narkewa. Suna zama shekara ashirin, talatin, ko fiye, mutum yana harkarsa lafiya lau, su kuwa suna yi wa huhun tabo har ya ƙandare ya daina buɗewa. Hakin, da busasshen tarin, da ɗaurewar ƙirji, da yatsun, da ramar, duk daga nan ne. Ruwan da aka zuƙe za a bincika shi, don wani lokaci yana zuwa da abin da ya fi wannan. Babu maganin da zai goge tabon. Akwai abin da zai rage wahala. Ta ce kuma dole ya riƙa cin abinci, don jikin da ya rame haka ba shi da abin faɗa.

Ta juya wurin Adda. "Mama, wa yake wanke masa kayan aiki a lokacin?"

"Ni. Sai na kakkaɓe su tukuna."

"Ke ma za mu ɗauke ki hoto."

Na zauna ina lissafin shekarun da Adda ta yi tana kakkaɓe riga a tsakar gida, ina tuna yadda na yi mata tsawa a kan ragowar tuwo. Hotonta ya fito ba komai, aka ce ta riƙa dawowa.

Yaya bai tambayi ko zai warke ba. Bai tambayi saura nawa ba.

"'Yata," ya ce, "ana ɗaukarsa a kwano?"

"A'a, Baba. Ba a ɗaukarsa daga mutum ko ta wace hanya. Ko tarin fukan ma da aka zata, ba a kwano ake ɗauka ba, ta iska ne. Wa ya ce a ware maka kwano?"

Yaya ya juyo da kansa a hankali ya dube ni. Na yi shekara ashirin da wani abu ina tsayar da yara a gaban aji, sai ranar na san yadda ƙasa take da nisa in kana neman ta tsage.

Da muka dawo gida na sake tashi tsaye a ciyayya. Na faɗi abin da likita ta faɗa, na ce na yi kuskure, na ce Yaya zai dawo tabarma. Na zaci za a ce alhamdu lillahi. Akwai wani dillalin shanu a cikinmu, mutum mai fara'a da yawan 'ya'ya, wanda wurin zamansa yake dab da na Yaya. Shi ya yi magana.

"Malam, ba musu nake ba. Amma wancan karon kai ka tsaya nan ka ce littafi ya ce. Yau ka ce likita ta ce. Nan da wata shida wa zai ce? Mutumin nan har yanzu tari yake, muna ji. Ni ina da ƙananan yara."

Wasu suka gyaɗa kai. Ɗaya ya maimaita min jimlata, ba ƙyama ba ce, kariya ce, bai bar ko wasali ba. A duk rayuwata ban taɓa koyar da darasin da ya zauna kamar wannan ba.

Na shiga wurin Yaya. Yana jingine da matashi uku, don ya daina iya kwanciya shimfiɗe. Na ce masa gobe zai fito.

"Sun yarda?"

"Za su yarda."

"Wato ba su yarda ba." Ya huta, ya tara iska. "Ka ji ni da kyau. In na fito, mutum ɗaya ya matsa, ko da faɗin tafin hannu ne, na koma ke nan. Ba zan sake fitowa ba. Kuma wanda ya matsa, kada ka bari ya kama makarata."

"Yaya, ka bar wannan maganar."

"Kai ka fara magana, Malam. Ni ƙarasawa nake."

Kwana uku bai fito ba. Langar tana shiga tana fitowa, gurbin yatsun yana ƙara ƙanƙancewa. Adda ta daina yi min magana, sai gaisuwa. A rana ta huɗu, bayan magariba, na tare ta a tsakar gida, ta fito da langar daga ɗakinsa. Na karɓa. Na buɗe: tuwon masara da miyar kuɓewa, an gutsiri gefe sau ɗaya, shatin yatsunsa masu kauri a jiki.

Na fita da ita. An riga an jera kwanuka. Na kifa murfin, na ɗaga langar yadda kowa zai ga jan zagayen, na ajiye ta a tsakiya. Na wanke hannu.

Zan faɗi gaskiya, tunda na fara: tsoro nake ji. Na san abin da likita ta ce, na fahimce shi fiye da kowa a wurin, amma wata bakwai ina koya wa jikina tsoron wannan kwanon, kuma jiki ba ya karanta gyara. Na sa yatsuna daidai cikin shatin nasa, na gutsira, na dangwali miya, na kai baki. Tuwon ya yi sanyi. Na haɗiye, na sake.

A loma ta uku na ji Baba yana zuba ruwa a hannunsa. Ya matso da gwiwa, ya yi bisimilla, ya sa hannu. "Gishiri ya yi kaɗan," ya ce, ba ya kallon kowa. "Adda tana cikin damuwa."

Sauran ba su sa hannu ba. Ba su kuma tashi ba.

Sai muka ji tarin daga cikin zaure, yana matsowa. Daga ɗakinsa zuwa ƙofa bai fi taku ashirin ba, amma ya tsaya sau biyu, muna jin hakin, muna jin muryar Adda ƙasa-ƙasa tana cewa ya dafa bango. Na yunƙura zan tashi, Baba ya danne min gwiwa. Da ya bayyana a bakin ƙofa ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Rigar ta zama kamar ta aro. Ya tsaya yana maida numfashi, yana kallon gurbinsa, tsakanin Baba da dillali, wanda wata bakwai ba wanda ya zauna a ciki.

Ni ba Yaya nake kallo ba. Gwiwar dillali nake kallo, da ɗan zaren tabarmar da ke gefenta.

Ya taka, ya dafa kafaɗar Baba, ya sauka a hankali har ya zauna. Rigarsa ta taɓa ta dillali. Zaman ya tayar masa da tari, mai tsawo, wanda ya naɗe shi biyu. Ana cikin haka sai jikin dillali ya karkata gefe, can nesa da shi. Yaya ma ya gani, yana tari idonsa a kansa.

Dillali ya dawo daidai, kofin ruwansa a hannu, wanda yake ajiyewa a bayansa.

"Na gan ka," in ji Yaya, da tarin ya sake shi.

"Ruwa na ɗauko maka, sarkin rigima. Karɓi."

Har yau ban san ko ruwan ya tafi ɗaukowa tun farko ba, ko a hanya ya tuna da shi. Yaya ya karɓa, ya kurɓa sau biyu, ya miƙa masa kofin, bai sauke idonsa ba. Dillali ya dubi kofin. Ya dubi sauran ruwan da ke ciki. Ya ce, "Allah, ga ni gare ka," ya kafa kai ya shanye, ya dire kofin da ƙarfi.

Wani ya yi dariya, irin wadda take kufcewa. Yaya ya miƙa hannu ya ɗaga murfin kwanon da ya fi kusa da shi. Burabusko ne daga gidan Baba. Ya sunkuya kan tururin, ya ja abin da ƙirjinsa ya yarda ya ja.

"Wannan," ya ce, muryar kamar ana jan zarto a nesa, "an yi shi da hankali. Sauran sai na gani."

Loma huɗu ya ci a ranar. Na ƙirga. Washegari shida, har da romon da matar dillali ta aiko da sunansa. Da aka zo kwashe kwanuka ya sa yatsa ya tsayar da langar, ya tura ta gabana.

"A gaya wa Adda, daga yau a nan za a riƙa zuba wa Malam."

Ya ci tare da mu sauran bazarar da damina duka, ran da ya iya fitowa da ƙafarsa da ran da muka ɗauko shi a kujera. Ran da aka ɗauki makararsa, dillali ne a gaba ta dama, ban hana shi ba.

Har yanzu a langar ake zuba min. Matata ta gwada kankare fentin da toka da soson ƙarfe, bai fita ba. Mai kyau na saya.